Ko Toshewar Hanyoyin Limf Tana Rikita Bugun Zuciya?

Ɗalibin likitanci: Malamai, ana cewa idan hanyoyin limf, wato ƙananan jijiyoyin da ke kwashe rarar ruwa daga naman jiki, waɗanda ke kwashe ruwa daga ƙullin da ke tayar da bugun zuciya suka toshe, bugun zai rikice, kuma wai gwajin karnuka ya tabbatar da haka. Ni dai na gamsu, domin ƙullin nan da Keith da Flack suka gano a 1907 yana kwance dab da fatar zuciya, inda babbar jijiyar da ke dawo da jini daga kai da hannuwa take shiga ɗakin sama na dama, kuma a ƙarƙashin fatar ne hanyoyin limf suke taruwa.

Malamin ilimin sassan jiki: Maƙwabtaka ba hujja ba ce, ɗalibi. Wani mai bincike, Patek, ya ɗura tawada a zukatan karnuka a 1939, ya nuna ragar limf hawa uku, daga cikin bangon zuciya zuwa bayansa. Daga baya wani mai binciken, Miller, ya toshe hanyoyin a karnuka, abin da ya gani shi ne kaurin shimfiɗar cikin zuciya da tabo. Wannan zancen bango ne, ba na ƙulli ba.

Likitar dabbobi: Malam ya yi gaskiya, kuma akwai wani abin da ake mantawa. Bugun lafiyayyen kare yakan ƙaru idan ya ja numfashi, ya ragu idan ya fitar, fiye da yadda ake gani a baligin mutum, don haka wanda bai saba ba zai iya ɗaukar wannan a matsayin cuta. Sannan matsawar zuciya ce ke tura limf, alhali gwajin tawada da aka yi a zuciyar mutum galibi a gawa aka yi shi, inda zuciya ba ta bugawa.

Likitan tiyata: Hujjata dashen zuciya ce. Ana yanke hanyoyin limf gaba ɗaya, ba a kuma ɗinke su. Duk da haka, da aka bar ɗinkin likitocin tiyata Lower da Shumway mai ratsa ɗakunan sama, aka koma haɗa manyan jijiyoyi biyu masu dawo da jini zuciya kai tsaye, raunin ƙullin ya ragu sosai. Wuƙa da yankewar jini nake zargi.

Ɗalibin likitanci: Ya ragu, Likita, amma bai ɓace ba. Me zai hana ragowar ta zama ta kumburin da yanke hanyoyin limf ke jawowa?

Likitan tiyata: Zuciyar ta yi sa'o'i a ƙanƙara ba jini. Sai ka fara cire wannan daga lissafi.