Abin da muka tattauna kan magen gida da na kan titi

To jama'a ga abin da na tsinto.

1. Kowa ya yarda kar a ba mage Paracetamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Albasa da tafarnuwa ma guba ne gare ta.
2. Rigakafi tun tana sati 8, na ciwon haukan kare kuma wajen sati 12.
3. Na kan titi, yawanci sun ce a kai su likitan dabbobi ya yi musu aikin hana haihuwa a maida su inda aka ɗauko su, don tun wata 4 mage tana iya ɗaukar ciki, ni ma wallahi nan nake.
4. Inda aka rabu shi ne ciyar da na kan titi, wasu sun ce tara su yake yi har ya jawo rigima da maƙwabta, wasu kuma sun ce a ba su, a dai riƙa kwashe ragowar.