Miliyan huɗu ke hannuna: Mercedes ko Lexus, wacce ba za ta kwana a garaji ba?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan mota. Sefa miliyan huɗu ke hannuna, ba ƙari, kuma babbar mota nake so, mai sanyi da kujerun fata. Dillalai sun nuna mini uku: Mercedes E350 ta 2006, Lexus ES 350 ta 2008, sai wata BMW X5 da aka karya kuɗinta har abin ya ba ni tsoro. Yawona cikin garin Maraɗi ne, sai Madarunfa, jefi-jefi kuma Damagaram ko Yamai. Wacce zan ɗauka, kuma me zan duba kafin in ƙirga kuɗi?

Maigaraji:
Wa alaikumus salam ƙanena. X5 ɗin fitar da ita daga lissafi. Kayan ruwanta na roba ne, zafin watan Afrilu na Maraɗi tsattsaga su yake, kuma arhar da ka gani kuɗin gyara ne mai ita ya tura maka.

Ɗauki Lexus. Ƙarƙashin wannan ado Toyota ce. Injinta 2GR-FE ne, V6 mai lita 3.5, shi ne a Camry V6, Avalon, Highlander da Sienna, don haka kayanta ba su wuya, in babu a nan akwai a Katsina ko Kano. Sarƙa ce ke daidaita aikin bawul ɗinsa, ba bel ba. Amma kar ka saki jiki, ita ma da lagonta.

Ka je da sassafe, ka ce kar a tada ta kafin ka iso. Ɗora hannu kan inji. In da ɗumi, an riga ka, akwai ƙarar da ake ɓoye maka. Kunna tablo ba tare da ka tada inji ba: fitilar inji, ta birkin ABS da ta balan-balan ɗin hatsari dole duk su kama, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, cire ta aka yi ko aka liƙe. Buɗe murfin baƙin mai ka haska ciki. Ka ga baƙin dasƙararren abu kamar kwalta? Ba a yi mata juye kan lokaci. Ka ga fari-fari kamar nono? Ruwa na shiga mai, juya ka tafi.

Akwai wani bututun mai a gefen inji wanda a ƙirar farko, 2007 zuwa wajen 2009, tsakiyarsa roba ce. In ya fashe kana kan hanyar Tasawa, mai zai tsiyaye cikin ƴan mintoci inji ya buga. Toyota da kanta ta koma yin na ƙarfe zalla. A duba, in na roba ne, shi za ka fara canzawa. Duba kuma kewayen famfon ruwa ko akwai busasshen abu ja-ja, alamar yoyo ke nan. Giyarta ba ta da sandar auna mai, sai a kan hanya ake gane ta. Yi tafiyar minti talatin har ta ɗau zafi, ka saurara: in inji ya yi ihu kafin giya ta shiga, ko ta shiga da duka, kar ka yarda da zancen "mai kawai take so".

Na ƙarshe, a ɗaga ta. A leƙa salansa ko an yanke katalis, wato matatar hayaƙi, an yi walda, don an saba sace shi tun a hanya.

Alhaji na Sabon Gari:
Maigaraji ya yi gaskiya, sai dai kar a yi wa Mercedes kuɗin goro. A doguwar hanya Lexus ba ta kama ƙafarta wajen zama daram a kan kwalta. Matsalar ita ce shekarar da aka nuna maka. E350 ta 2006 abu uku ke tattare da ita. Birkinta na lantarki ne, SBC, famfonsa yana da adadin takawa, in ya cika sai sabo, ba a kuma taɓa shi sai da kwamfuta. Injinta M272 ne, na shekarun farko kuwa akwai wani haƙorin sarƙa a cikinsa da ke cinyewa. Kwamfuta za ta nuna lambar matsala P0016 ko P0017, gyaran kuwa sai an sauke inji gaba ɗaya. In kuma mai tayar iska ce, wato Airmatic, ƙura da rami za su huda jakunkunan, ka wayi gari ta durƙusa kamar raƙumi. In ranka na kan tauraron nan na Mercedes, nemi ta 2008 ko 2009 mai sifirin na ƙarfe, an daina sa SBC a lokacin. Da miliyan huɗu dai da wuya ka samu mai lafiya har wani abu ya rage.

Ɗan Taransit:
Malam, duk sun yi maganar ƙarfe, ni ta takarda zan yi. Lambar shasi harafi da lamba 17 ce. Karanta ta a gindin gilashin gaba, ka karanta a jikin ƙofar direba, ka gwada da ta kart giriz, wato takardar rajistar mota, da takardar duwan, wato kwastan. Ɗaya ya saɓa, bar ta. Na goma a jerin shi ke faɗin shekara a motocin Amurka: 8 na nufin 2008, A kuma 2010. Nan ake kama wanda ya sa wa tsohuwa sababbin fitilu ya ƙara mata shekaru. Mai lambar Najeriya da ta shigo ta Ɗan Isa tana da arha a baki, amma je ofishin duwan da kanka ka ji abin da za ka biya kafin ka yi ciniki. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 lissafin kawo mota ya canza, kar ka yi aiki da tsohon farashin Kwatano.

In ES ɗin daga Amurka take, awon tafiyarta mil ne: 150,000 a tablo kilomita 240,000 ke nan. Ɗaga kafet, ja bel ɗin kujera har ƙarshe. Laka, tsatsa ko warin rima, motar ambaliya ce, wayoyinta ba za su bar ka ka huta ba.

Ɗan Bagalam:
Allah ya saka da alheri. Na karkata ga Lexus. Maigaraji, nawa zan ware a gefe?

Maigaraji:
Kar cinikin ya wuce miliyan uku da jika ɗari biyu. Sauran na makon farko ne: baƙin mai 5W-30 lita shida da ɗan ɗori tare da matata, matatar iska, ruwan lagireto ja irin na Toyota ba ruwan famfo ba, da buji shida. Ukun baya sai an cire bututun iska na sama, saboda haka a canza su lokaci guda. Karanta lambobi huɗun da ke gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 a 2019, ta tsufa ko da zanenta na nan. Juye duk kilomita 5,000 saboda ƙurar hunturu. Man kwalba na bakin titi ka rage shi, ruwa da yashin ciki famfon tanki suke kashewa. Kuma ES gajeruwa ce; in da damina za ka riƙa sauka daga kwalta, tambayi dillalin ko yana da RX 350, injin ɗaya ne.