Likita ya ce a ƙona wa ɗana wata hanya a zuciya, ku ba ni shawara

Maman Sadik:
Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 9. Tun bara, yana cikin buga ƙwallo sai ya tsaya cak, ya dafe ƙirji ya ce, "Mama, zuciyata na gudu." Ranar da na ɗora hannu, wallahi kamar an kulle tsuntsu a cikin rigarsa. A asibiti aka auna, bugu 220 a minti ɗaya. Kakarsa ta ce iska ce, har rubutu ya sha. ECG (gwajin lantarkin zuciya) kuwa ta nuna WPW, wato akwai wata ƙarin hanyar lantarki a zuciyarsa da ke sa ta gudu. Yana shan maganin propranolol amma abin na dawowa, sai likita ya ce a yi masa abuleshan, wato a ƙone wannan hanyar. Kalmar ƙonawar nan ce ta hana ni barci. Tsaga ƙirjinsa za a yi?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kwantar da hankalinki, ba tsagawa. An yi wa 'yata a Indiya tana shekara 11. Allurar barci aka yi mata, aka zura siraran wayoyi ta jijiyar matse-matsi har zuciya. Da su suka lalubo ƙarin hanyar da lantarki ke bi yana zagayawa, suka ƙone wurin, bai fi ƙwayar wake ba. Awa uku muna zaune a waje. Wahalar ma ita ce hana ta lanƙwasa ƙafa na wasu sa'o'i, tana ta mitar yunwa. Washegari aka sallame mu da 'yar filasta.

Anti Nas:
Maman Sadik, ki tambayi likita a ina hanyar take. In tana kusa da asalin mahaɗar lantarkin zuciya, akwai ɗan haɗarin a taɓa ta har yaro ya buƙaci batirin zuciya, shi ya sa a irin wurin sukan daskarar da ƙarin hanyar da sanyi maimakon zafi. Jarirai akan jinkirta musu don sau da yawa abin na barinsu, amma mai shekara 9 da wuya. Wani lokaci ko bayan an yi aikin, ciwon yana dawowa a sake. Kada ki tsayar da magani sai likita ya faɗa. In ya taso masa, ya busa cikin sirinji marar allura da ƙarfi don bugun ya lafa. In ya suma, asibiti kai tsaye.

Maman Sadik:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baban Ummi, yaushe ta koma makaranta?

Baban Ummi:
Bayan mako guda. Guje-guje ne aka ce ta ɗan dakata. Allah ya ba Sadik lafiya.