Yaƙin 1812: me ya sa Amurka ta yi ƙarfi a ruwa amma ta gaza a ƙasa?

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum, malamai. Ina neman bayani game da yaƙin da Amurka ta ƙaddamar a kan Birtaniya a watan Yunin 1812. Yaya aka yi ƙasar da jiragen ruwan yaƙinta ba su kai 20 ba ta riƙa doke Birtaniya mai ɗaruruwan jirage, alhali sojojinta na ƙasa sun kasa cin Kanada, wadda a lokacin take ƙarƙashin Birtaniya?

Malamin Makaranta:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, nasarorin teku ba su kai yadda ake zuzuta su ba. Gaskiya ne jirgin Amurka Constitution ya ragargaza jirgin Birtaniya Guerriere a watan Agustan 1812, ya kuma ci Java a Disamba, amma karo ne na jirgi ɗaya da ɗaya, kuma jiragen Amurka sun fi girma da manyan igwoyi, ga shi Birtaniya ta duƙufa a yaƙin Napoleon. Da ta samu sarari sai ta toshe tashoshin jiragen ruwan Amurka, har sojojinta suka ƙone fadar shugaban ƙasa da majalisa a Washington ranar 24 ga Agustan 1814.

Bakatsine:
A ƙasa kuwa matsalar shugabanci ce. Janar William Hull na Amurka ya miƙa garin Detroit ga Janar Brock na Birtaniya da Tecumseh, jagoran 'yan asalin yankin da ke mara wa Birtaniya baya, ba tare da faɗan kirki ba, sannan a Queenston Heights, a bakin iyakar Kanada, sojojin sa-kai na Amurka da yawa suka ƙi ƙetare kogi, suna cewa ba a ɗauke su don yaƙi a wajen ƙasarsu ba.

Mai Nazari:
Malam, a ganina an bar babban batu a baya, wato tafkunan kan iyaka. Hanyoyin ƙasa ba su da kyau, saboda haka abinci da harsasai ta ruwa suke bi, kuma wanda ya riƙe tafki shi ke ciyar da rundunarsa. Da Perry, kwamandan jiragen Amurka, ya kame jiragen Birtaniya 6 a tafkin Erie ranar 10 ga Satumban 1813, dole Ingilishi suka bar Detroit, aka bi su har kogin Thames na Kanada inda aka kashe Tecumseh. Haka a Satumban 1814, da Macdonough na Amurka ya yi galaba a tafkin Champlain, Janar Prevost na Birtaniya ya juya da babbar rundunarsa zuwa Kanada. Wannan labari ya ƙarfafa hannun wakilan Amurka a birnin Ghent da ke Beljiyam ta yau, inda aka sa hannu a kan sulhu ranar 24 ga Disamba.