Kifina sun mutu a dare ɗaya bayan na jawo ruwan rafi, me ya jawo?

Mai_Tarwada:
Salam 'yan uwa. Don Allah masu ilimin abin ku taimaka min. Ina da rami biyu a gefen kogin Challawa, ɗaya karfasa ɗaya tarwada, bohol ɗina ya lalace sati biyu kenan sai na ɗauko injin ban ruwa na jawo daga wani rafi da ke gangarowa ta bayan kamfanonin fata. Da la'asar na zuba, ruwan ya ɗan yi duhu kuma yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai amma ban kawo komai a raina ba. Kafin asuba karfasa sun yi fari fat a saman ruwa ciki sama, tarwada kuma duk sun taso suna haɗiyar iska, jikinsu yauƙi kamar an shafa kuɓewa, ƙananan sun mutu manyan na nan da rai. Kowa cewa yake kirom ne, wato sinadarin nan da kamfanonin ke jeme fata da shi. Shin kirom yana kisa da wuri haka? Kuma waɗanda suka rage zan iya ceto su? Wallahi jarina ne kaf a ciki.

TsohonMajemi:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri ɗan uwa. Na yi shekaru ina aikin fata, kuma wannan warin da ka faɗa ba na kirom ba ne, kirom ba ya wari, shi ruwansa shuɗi-shuɗi ne mai ɗan kore kuma sai can gaba a aikin ake sa shi. Mai warin ƙwai salfaid ne, wanda ake haɗawa da farar ƙasa a jiƙa fata don gashi ya zube. Abin da ke narkar da gashin akuya ka ce me zai yi wa kunnen kifi? Bayan nan kuma ana sa gishirin amoniya don a cire farar ƙasar daga fatar, shi ma ruwansa fita yake. Mu kanmu in ana wanke ramin da ruwan dattin yake taruwa ba a barin mutum ya shiga shi kaɗai, don iskar tana iya sumar da ƙato.

Ummu_Lab:
Baba TsohonMajemi ya faɗi gaskiya. A ɗakin gwaji yadda muke auna irin wannan shi ne a zuba 'ya'yan kifi a tankuna, kowanne da ƙarfin sinadarin daban, a yi ta duba su har awa 96, wato kwana huɗu, sai a fitar da adadin da ya kashe rabinsu, shi ake kira LC50. Iskar salfaid ko miligiram ɗaya a lita bai kai ba take kashe kifi da yawa, don tana hana jiki amfani da iskar numfashi ne kai tsaye. Kirom ɗin jima kuwa, nau'in da ake kira mai lamba 3, sai ya yi yawa sosai kafin ya yi kisa a dare ɗaya, nasa sharrin a hankali yake taruwa a laka da jikin kifi. Mai lamba 6 ya fi shi guba nesa ba kusa ba.

Wani abu kuma, gubar amoniya tana bin pH ne, wato ma'aunin tsamin ruwa, da zafin ruwa. A pH 7 ɓangarenta mai guba ko kashi 1 cikin 100 bai kai ba, amma in farar ƙasa ta ɗaga shi zuwa 9 ga zafinmu na Kano sai ya haura kashi 30. Don haka don Allah Malam kar ka bi shawarar masu cewa ka watsa farar ƙasa a ramin. Karfasa ta riga mutuwa ne saboda ita da kunne kawai take numfashi, tarwada tana da abin shaƙar iska daga sama, shi ya sa ka ga suna tasowa.

Mai_Tarwada:
Ikon Allah, Hajiya da yanzu nake shirin aika yaro ya sayo farar ƙasar. To me zan yi yau ɗin nan?

Ummu_Lab:
Kafin komai ka ɗebi ruwan ramin da na rafin a gora mai tsafta, ka cika ta maƙil kar ka bar iska, ka rufe ka sa a ƙanƙara a kai gwaji yau, don salfaid guduwa yake in ya kwana. Ka ɗau hoto da kwanan wata, da su za ka kai ƙorafi NESREA, hukumar tarayya mai kula da dokokin muhalli, ko ma'aikatar muhalli. Sannan ka tsayar da abinci kwana biyu, ka zubar da fiye da rabin ruwan ka sayi na tanka mai kyau, ka riƙa watso shi daga sama yana faɗowa don iska ta shiga. Matattun a binne su, kar a ƙyafe a kai kasuwa, kar a ba kaji.

Dan_Masunta:
Allah ya kiyaye gaba. Mu a wajenmu duk wanda zai jawo ruwan rafi sai ya ɗiba a bokiti ya jefa 'yan karfasa biyar ya bar su su kwana tukuna. Amma fa ka sani ruwan safe daban na dare daban, wani lokacin da rana garau yake, cikin dare sai ka ji warin ya taso, balle yanzu da rani da ruwan kogi ya ja baya babu abin da zai tsarma shi. Ka gyara bohol ɗin nan kawai Alhaji, ko bashi ne ka ci.