Kwanson irin Masdevallia ɗina yana ta zubewa, ku taimaka

Salamu alaikum yan uwa, dan Allah duk wanda ya san harkar furen okid ya taimaka min. Ina zaune a Ingila, shekara 3 kenan ina kiwon Masdevallia, ƙananan okid ɗin nan na duwatsun Andis da ke Kudancin Amurka masu son sanyi da raɓa, basu da kumburin gindin nan da sauran okid ke ajiye ruwa a ciki shiyasa zafi kaɗan sai su langaɓe.

Matsalata barbara ce. Ina so in haɗa nau'in Masdevallia guda biyu, wato veitchiana, mai ruwan lemo ta ƙasar Peru, da strobelii ƙarama ta Ekwado mai ƙamshi, da tsinken sakace nake ɗauko ƙwayoyin garin fure guda 2 da ke cikin furen veitchiana in manna a furen strobelii, furen ya yanƙwane, gindinsa ya fara kumbura har in fara murna, to bayan kamar sati 3 sai kwanson yayi ɗorawa ya faɗi. Sau 4 kenan wallahi, abin na damuna sosai.

Da dare ɗakin yana kan digiri 12, da rana 20, amma a watan Yuli ya haura 27 duk da fanka da feshin ruwan sama da nake yi. Zafin ne ke zubar dasu, ko strobelii ɗin ce tayi ƙanƙanta da ɗaukar kwanso, ganyenta 7 ne kacal? In juya ne veitchiana ta zama uwa?

Sannan in Allah yasa kwanson ya tsaya, irin da ke cikinsa kamar ƙura yake baya tsirowa a ƙasa sai cikin kwalba a kan aga (wani abu mai kama da daskararren kunu da ake rainon iri a kai) mai sukari. Wata nawa zan jira kafin in cire kwanson yana ɗanye?