Wane suna za mu ba baskulaitis ɗin da ke biyo bayan ciwon bawul ɗin zuciya?

Mai fassara, Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a. Ina shirya 'yar takardar wayar da kai da za a karanta wa majinyata, na zo wani wuri na cije. Akwai ciwon da likitoci ke kira endokadaitis, wato ƙwayoyin cuta su sauka a bawul ɗin zuciya su yi gida. Wani lokaci sai baskulaitis ya biyo baya, ƙananan hanyoyin jini su kumbura. Na rubuta "kumburin jijiya", na karanta wa mahaifiyata, ta ce ai shi ke damun ta a ƙafa tun bara, man zafi take shafawa. Nan na san da sauran aiki.

Malamin Hausa, Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam. Hajiya ta fi ka gaskiya. Jijiya a bakinmu ta ɗauki kaya uku: wadda jini ke bi, wadda ke hana wuƙar mahauci wucewa, da wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Ka ce "hanyoyin jini", ka huta. Shi kuwa bawul, me zai hana mu ce "ƙyauren zuciya"? Ƙyaure buɗewa yake ya rufe.

Bakanike, Panteka: Allah gafarta Malam, ƙyaure ai ta nan ake shiga, ta nan ake fita. Bawul kuwa hanya ɗaya yake bayarwa, abin da ya wuce ba ya dawowa. Duk mai babur ya san shi. A bar mana kalmarmu.

Likita, Kawo: Ina bayan mai gareji. Zuciya na da bawul 4, kuma aikinsu ke nan, hana jini komawa baya. Amma matsalar mai fassara ba a nan take ba. A irin wannan kumburin, ba ƙwayar cutar ce ke cin hanyoyin jinin da kanta ba. Tana can maƙale a bawul, makonni ko watanni, tana zubo ɓurɓushi cikin jini. Garkuwar jiki ta ƙera makamai, su manne da ɓurɓushin, su dunƙule, jini ya kwashe su ya kai ƙananan hanyoyi su maƙale. A nan faɗa ke tashi, bangon hanyar ya ji jiki. Dara ce ta ci gida. Shi ya sa za ka ga jajayen ɗigo-ɗigo a ƙafa waɗanda ko ka danna ba sa ɓacewa, ko jini a fitsari in abin ya taɓa ƙoda, ko 'yan ƙulutai masu zafi a kan yatsu, waɗanda aka sa wa sunan William Osler, likitan Kanada da ya yi laccoci kan wannan ciwon zuciya a Landan a 1885. A ƙasarmu da yawan masu kamuwa bawul ɗinsu ya riga ya lalace tun suna yara, daga ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba.

Nas, Barnawa: To Likita, ba sai mu ce "borin jini" ba? Kowa ya san kalmar, kuma garkuwar ce ta yi bori.

Likita, Kawo: Sista, na so ta, amma ina tsoron ta. Borin jini a wurin mutane shi ne ƙurajen nan masu ƙaiƙayi da ke tasowa su kwanta da kansu. Wanda ya ji haka kemis zai tafi ya sayi maganin ƙaiƙayi. Mafi muni, a ba shi maganin da ke kwantar da garkuwa shi kaɗai, ƙwayar cutar ta samu fili. Wannan kuwa sai an ɗebi jini fiye da sau ɗaya an gano ƙwayar, an yi hoton zuciya, sannan allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jini, mako 4 zuwa 6, wani ma har tiyata. Duk sunan da bai ja kunnen mutum zuwa zuciya ba, ni ban yarda da shi ba.

Malamin Hausa, Unguwar Rimi: Ashe suna biyu muke nema. Baskulaitis shi kaɗai, "kumburin hanyoyin jini". Wannan nau'in kuma, "kumburin hanyoyin jini mai tushe a zuciya". Ya yi tsawo, na sani, amma tushe ya faɗi inda za a tona. Kumburi ma ba ta cika ba, don abin ya haɗa da zafi da ja, sai dai ita kunne ya saba da ita.

Mai fassara, Tudun Wada: Na ɗauka, Malam. Zancen garkuwa zan sa shi a jimlar da ke biye, da misalin Likita na dara. Na sake karanta wa Hajiya da sabon sunan. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To wannan ba nawa ba ne." Ta ɗauki man zafinta.